Gashin Zabo a Bakin Ƙugiya

Baba Brah baduku ne a Birni,
shekara arba'in yana ɗinkin alabe da kube,
har takalman roba suka cinye kasuwar Dole,
suka bar shi da basilla da zaman inuwa.

A gindin dutsen bayan gidanmu
na tarar da shi wata la'asar,
ya danne ƙugiya a bakin awartaki,
awartakin kuma ya matse shi tsakanin gwiwa da gwiwa.

Gwangwanin tumatir a gefensa, cike da gashi:
na zabo mai ɗigo-ɗigo,
na wuyan zakaran da muka ci ran suna,
fari na balbela,
da gemun bunsuru da ya roƙo a majema,
har yanzu da sauran warin bagaruwa.

Ya ce, "Jika, riƙe min bakin zaren."
Ya goga masa kakin zuma,
ya naɗa, ya naɗa, ya koma baya,
ya kwantar da fari a ciki, mai duhu a gadon baya,
don haka Allah ya yi ƙananan kifi:
ta sama duhu, ta ƙasa farin wata.
Sai ya zaro zaren azurfa ɗaya tak
daga kallabin Iya Gaptiya,
wadda ta rasu damina uku da suka wuce,
ya ja shi daga kai har wutsiya.
Ya ɗiga ido da tawadar allo,
ya tofa yawu, ya shafa,
abin ya sirance kamar zai kuɓuce ya faɗa ruwa.

Maƙwabta suka yi ta dariya.
Nomau mai nama ya ce,
"Kifin Gidimuni tana ya sani, da gara, da sabulu.
Yaushe ya fara cin kaza da gashinta?"
Baba bai ɗago ba.
Ya ce, "Tana ta mai yunwa ce.
Wannan na yi shi don mai zarin ido,
wanda ya ƙoshi amma ba ya iya barin ƙarami ya wuce."

Jikka biyu muka biya a tasha.
Asuba ta same mu a bakin tabki,
dabino tsaye, rake na raɗa,
masu koma suna kallonmu ta wutsiyar ido.
Ya wurga.
Ya ja kaɗan, ya tsaya. Ya ja, ya ja, ya tsaya,
kamar ɗan kifin da ya ji ciwo yana neman ciyawa.

Hantsi ya yi. Ba kome.
Na cinye ƙosan da muka zo da shi, har nasa.

Sai ruwan ya kumbura wuri guda,
bayan giwan ruwa ya bayyana, faɗin faifai,
gora ta lanƙwashe har tana kuka,
Baba ya shiga tabo zuwa cinya
yana kiran sunan da ban taɓa jin ya kira ba da rana.
Numfashi bakwai, ko takwas.
Tas! Zare ya dawo shi kaɗai, yana rawa.

Na zaci zai zauna ya yi tagumi.
Dariya ya yi har hula ta faɗi.
"Ka gani? Ya yarda!
Shekara arba'in ina yi wa mutane gaskiya da fata,
yau na yi ƙarya ɗaya da gashi, an saya."

Mun koma Damagaram hannu wofi,
Nomau ya samu abin faɗi na mako guda.

Yanzu idon Baba ya yi hazo,
ni nake zura zare, shi yake laluben tsawo da yatsa.
Kallabin ya kusa ƙarewa.
In na tambaye shi wancan na farko,
sai ya ce yana can ƙasan Gidimuni,
a leɓen wani babba,
azurfar Gaptiya na yawo inda rana ba ta kaiwa.